Yadda ake duba fulogi a wanke shi, da gano abin da ke sa shi baƙi: janareto, mashin, injin ban ruwa, har da injin rotari na jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda sanyin nan ya shigo tambaya ɗaya ake ta aiko mani, kowa ta nashi ɓangaren. Mai shago a Kofar Marusa janareto ya ƙi tashi sai an cire fulogi an goge, ɗan acaɓa yace sabon fulogi baya mashi sati biyu, masu noman rani na gefen dam ɗin Jibiya da Ajiwa injin ban ruwa na ta baƙin hayaƙi yana cin mai. Har da wasu matasa masu sha'awar harkar jirgin sama da suka tambayi na injin rotari, nasu na ajiye shi a ƙarshe. To ga amsar wuri ɗaya, dan Allah a bi ta a jere kar a tsallake.

Abin da nike so a riƙe tun daga nan: fulogi ba ya yin baƙi haka kawai. Akwai abin da ke faruwa cikin injin, shi fulogin nuna maka kawai yake. In ka cire ka goge ka maida, ko ka sayi sabo ka ɗaura ba ka gyara wancan abin ba, kwana kaɗan zaka dawo inda kake, kuɗinka ne kawai ke tafiya.

1. Kayan da zaka tanada

Sifanar fulogi wadda ta dace da naka. Janareto da injin ban ruwa yawanci lamba 21 ne, mashin irin CG mai 125 lamba 18, ƙananan roba-roba lamba 16. Sai ƙaramin buroshin waya, in ka samu na tagulla mai laushi ya fi, da tsohon buroshin goge baki, da tsumma mai tsabta, da ɗan fetur a murfin gwangwani ko feshin wanke kafireto na gwangwani. Sai fila geji na auna gaf, wato tazarar bakin fulogi da wuta ke tsallakawa, in babu ka nemo tsohon katin ATM da ya daina aiki, zan faɗi amfaninshi a gaba. Kuma ka ajiye fulogi guda mai kyau a gefe wanda ka tabbatar yana aiki, da shi ake raba gardama.

Gargaɗi: kar ka kama fulogi da filaya ko sifana mai baki buɗe. Da ta zame zata fasa farin tangaran ɗin, wani lokaci tsagewar ma ba ta ganuwa da ido amma wuta na zurarewa ta nan.

2. Kashe injin ka bari ya huce

Ka kashe, ka rufe makullin mai, in janareto ne ka zare duk wayar da ke jikinshi. Ka jira har sai ka iya ɗora tafin hannunka a kan injin ba tare da ka janye ba. Dalili kuwa kan injin alminiyam ne, fulogin kuma ƙarfe, in da zafi alminiyam ya yi laushi, kana murɗawa da ƙarfi sai tiredin ya biyo fulogin ya fito. Daga aikin minti goma ka koma neman mai walda ko sabon kan silinda.

Gargaɗi: duk aikin nan a waje ake yinshi, a fili inda iska ke kaɗawa. Ba a tada janareto cikin ɗaki ko zaure ko shago a rufe ko da na gwaji ne na minti biyu. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji kasala da ciwon kai ya kwanta.

3. Cire fulogin

Ka kama hular fulogin ita kanta ka ɗan juya ta ka ja, kar ka ja ta waya. Kafin ka sa sifana ka duba ramin da fulogin ke zaune, a garinmu da ƙurar nan zaka tarar da yashi ya taru a wurin. Ka hure shi ko ka share da buroshin baki, don da ka cire fulogin duk yashin nan cikin silinda zai faɗa, shi kuma yashi a cikin silinda ringi yake ci.

Sai ka zura sifana ta zauna sosai, ka murɗa hagu. Da ya saki ka ƙarasa da hannu. In ka ji ya cije yana ƙara, tsaya. Ka ɗiga mashi ɗan mai mai sassauta tsatsa ko kananzir, ka jira, ka riƙa yi gaba kaɗan baya kaɗan har ya fito da kanshi.

In injin naka fulogi biyu gare shi, kamar Keke Napep ɗin Bajaj masu DTS-i, ka ajiye kowanne a ɓangarenshi kar su cakuɗe.

4. Karanta fulogin kafin ka goge komai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa, da an cire sai a kai shi ga wando a goge. To ka share shaidar da hannunka. Ka ɗaga shi a haske ka dubi bakin, wato ɗan tsinken tsakiya da farin tangaran da ke kewaye da shi da ƙugiyar da ta lanƙwaso a kai. Ka taɓa da yatsa, ka shinshina.

In ka ga kalar ƙasa-ƙasa mai haske ko toka-toka, a bushe, injinka lafiya lau yake ƙona mai. In yana ba ka matsala to ba a nan take ba, ka duba gaf kawai ka wuce.

In baƙi ne a bushe, mai laushi, kana shafawa yana biyo yatsa kamar baƙin gindin tukunya, to fetur ya yi wa iska yawa. Wannan shine kusan duk abin da ake kawowa lokacin hunturu. Ko iyakilina ta toshe da ƙura, ko an bar cok a rufe, ko kafireto na obafulo, ko an daɗe ana barin injin a silo ba lodi. Baƙin nan wuta na bi ta jikinshi, shi ya sa maimakon tartsatsin ya tsallaka gaf sai ya bi ta jikin tangaran ya sulale, injin ya kama misin ko ya ƙi tashi gaba ɗaya.

In baƙi ne mai maiƙo yana ƙyalli, kuma salansa na fidda hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke shiga inda ake ƙona fetur. A ƙaramin janareto Tiger da ake haɗa mashi mai da fetur, an zabga man ne da yawa ko an sa wanda bai dace ba. A injin da ke da tankin baƙin mai daban, ko an cika man ya wuce layi, ko an kwantar da injin a bayan mota ko amalanke man ya gangara, ko kuma ringi ya cinye, ko robar bawul ta mutu.

In a jiƙe yake amma ba baƙi sosai ba, kuma warin fetur zalla yake, injin ya sha mai ne. An yi ta jan igiya ko kik da cok a rufe wuta ba ta kama ba. Wannan a busar kawai, sannan a tambayi me ya hana wutar.

In fari ne fat, tangaran ɗin ya yi ƙuraje ko tsinken ya fara narkewa, wannan ya fi baƙin haɗari nesa ba kusa ba. Injin na zafi fiye da kima: mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, ko jet ya toshe, ko iska na shiga ta gefen kafireto, ko an sa fulogi mai zafin da ya wuce na injin, ko ƙura ta cike fikafikan sanyaya injin. Wanda ya ci gaba da aiki a haka fistin zai huje. Kar ka tada shi sai an gano dalili.

In tangaran ya tsage, ko tsinken tsakiya ya cinye ya yi kai mulmulalle, ko ƙugiyar ta siraɗe, ba wanki kuma, shara zai tafi.

Ina ba da shawarar ka ɗauki hotonshi da waya kafin ka wanke. In ka sake cirewa bayan sati ka kwatanta, zaka san ko gyaran da ka yi ya ci.

5. Wankewa

Ka tsoma bakin fulogin cikin ɗan fetur ko ka fesa mashi feshin kafireto, ka bar shi minti kaɗan daskararren ya jiƙa. Ka goge da buroshin baki, sannan buroshin waya a hankali a kan ƙugiya da tiredi. Cikin lungun da ke tsakanin tangaran da ƙarfen jiki nan dattin ke maƙalewa, ka sa tsinken itace ko na sakace ka zaƙulo, kar ka sa allura ko ƙusa. Ka sake ɗauraye shi, ka hure, ka ajiye a rana ya bushe sarai. Farin jikin na waje inda hula ke zama shima a goge da busasshen tsumma, maiƙo a wurin na sa wuta ta zurare ta waje.

Gargaɗi: kar ka dirje tangaran ɗin da buroshin ƙarfe da ƙarfi, yana barin zanen ƙarfe a jiki, wuta kuma ta bi zanen. Sanfefa in zaka sa, mai laushi sosai, shafa biyu uku tsakanin ƙugiya da tsinke, kuma sai ka wanke burbushin tas. Fulogin iridiyom mai siririn tsinke ba a sa mashi sanfefa ko buroshin waya sam.

Maganar ƙona fulogi da wuta da ake yi a bakin titi, a zuba mashi fetur a ƙyasta ashana. Na san yana tada injin wani lokaci in mutum ya maƙale a hanya, amma ni ban yarda da shi ba. Harshen wutar fetur shi kanshi baƙi yake ƙarawa, zafin na iya tsaga tangaran, ga jarkar mai a kusa ga yara na kallo. Ka riƙa yawo da sifeya a ƙarƙashin sit ya fi maka.

6. Auna gaf

Gaf shine tazarar da ke tsakanin tsinke da ƙugiya. Injinan janareto da na ban ruwa irin Honda GX160 da GX200 da duk 'yan China da aka kwaikwaya daga gare su, milimita 0.7 zuwa 0.8 ne. Mashina irin CG da roba-roba yawanci 0.6 zuwa 0.7. In kana da littafin injin ko akwai sitika a jiki, abin da suka rubuta shine gaba da nawa.

Fila geji ya shiga da ɗan jan jiki, ba sakwaf ba, ba da tilas ba. Wanda ba shi da geji, kaurin katin ATM milimita 0.76 ne, ka yi amfani da gefen da ba rubutu mai tudu. Na janareto katin ya shiga daidai yana ɗan gogawa. Na mashin ya zama ya ɗan fi kaurin katin matsewa, katin ba zai shiga ba.

In gaf ya buɗe, ka ɗan ƙwanƙwasa bayan ƙugiyar a kan katako a hankali, ka auna, ka ƙara. In ya matse, ka ɗaga ƙugiyar daga gindinta.

Gargaɗi: kar ka zura sukundireba tsakanin tsinke da ƙugiya ka banƙara, tsinken kake dannawa kuma tangaran ne zai fashe. Akwai kuma masu matse gaf sosai don injin da koyil ɗinshi ya yi rauni ya tashi. Zai tashi, amma ƙaramin tartsatsi ba ya ƙone mai duka, baƙin zai dawo da wuri.

7. Gwajin wuta

Ka maida fulogin cikin hularshi, ka jingina ƙarfen jikinshi da ƙarfen injin inda ba fenti, ka kunna swic, ka ja igiya ko ka buga kik. A inuwa ake yi don a gani da kyau. Ana son tartsatsi mai ƙarfi shuɗi-shuɗi yana tsallaka gaf duk juyi, har ka ji ɗan ƙas-ƙas. In ja ne mai rauni, ko yana yi yana ɗaukewa, ko ka ga wutar na yawo can cikin lungu, ka gwada da sifeyan nan naka. Sifeya ya ba da wuta mai kyau, tsohon ya mutu. Shima bai ba da ba, to ka bar zargin fulogi, ka koma kan hula, waya, swic, koyil ko CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi a mashin.

Wani abu da ke ruɗa masu janareto da yawa: injinan nan masu tankin baƙin mai akasari suna da na'urar da ke ɗauke wuta in man ya yi ƙasa. Mutum ya yi ta canza fulogi alhali man ne ya sauka, ko kuma an ajiye janareton a karkace. Ka duba mai tukuna a daidaitaccen wuri.

Gargaɗi: ka nisanta fulogin daga ramin da ka ciro shi, tururin fetur na fitowa ta nan kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Fetur ɗin da ka yi wanki da shi ma a kawar. Kar ka riƙe da hannu tsirara, ka kama ta robar hula. Kuma kar ka yi ta juya injin fulogi na lilo bai taɓa ƙarfe ba, wutar da ta rasa hanya koyil ko CDI take illatawa.

Ka sani kuma fulogi na iya ba da wuta a fili amma ya kasa a cikin silinda, don a matse wuta ta fi wahalar tsallakawa. In komai ya nuna daidai injin na ta misin in an ɗora lodi, sa sabo ka gani.

8. Maida shi

In injin ya sha mai ne, kafin ka maida ka kashe swic, ka rufe makullin mai, ka buɗe cok, ka ja igiya sau da yawa ramin a buɗe fetur ɗin ya fice.

Da hannu ake fara ɗaura fulogi, hannu zalla, har sai ya zauna kan washa. In tun juyi na farko ko na biyu ya cije, ya hau a karkace, ka warware ka sake. Bayan ya zauna sai sifana: sabon fulogi rabin zagaye don washar ta matse, wanda aka taɓa ɗaurawa kuma kaɗan ne, kashi ɗaya cikin takwas zuwa kwata na zagaye. Mai sifanar awo, na GX 18 ne a ma'aunin Nm.

Gargaɗi: ba a sa wa sifanar fulogi bututu don ƙarin ƙarfi. Ƙananan fulogan roba-roba tiredinsu milimita 10 ne kacal, da ka matsa zai cinye ko ya karye a ciki. Sakwaf ma matsala ne, fulogin da bai zauna ba ba ya sauke zafinshi a jikin injin, sai ya ƙone.

Ka danna hula har ka ji ta kama.

9. Yanzu ka bi sawun abin da ya jawo baƙin

Iyakilina ce farko, kuma a Katsina da Daura daga Nuwamba zuwa Fabrairu ita ce babbar mai laifi. In soso ce, ka wanke da ruwa da omo, ka matse ba murɗawa ba, ta bushe sarai, ka ɗiga mata baƙin mai mai tsabta kaɗan ka matse rarar. In ka bar man ya yi yawa ita ma zata toshe iska. In ta takarda ce ba a wanke ta, a kaɗe, in ta yi baƙi a canza. Mai injin ban ruwa a fadama da mai injin markaɗe su duba ta duk sati a wannan lokacin. Masu cire iyakilina su yar wai injin ya samu numfashi, wallahi ringi suke kashewa, nan da 'yan watanni baƙin bushe zai koma baƙin maiƙo.

Cok na tada injin mai sanyi ne kawai, da ya kama a buɗe. In injinka ba ya tsayawa sai da rabin cok, jet ɗin kafireto ya toshe, wanki yake so, barinshi a haka shi ke cinye fulogi da fetur tare.

Kafireto in yana ɗigar mai ta ƙasa ko ka tarar da warin fetur cikin baƙin mai, allurar fulot ba ta rufewa. A gyara, a canza baƙin man, kuma ka saba da rufe makullin mai duk dare.

Sai haɗin mai na ƙaramin Tiger, wanda nan ne aka fi ɓarna. Yawancinsu 50 da 1 ne, ka duba murfin tanki ko sitika ka tabbatar. Ma'ana litar fetur ɗaya mil 20 na man tuti (2T), lita huɗu mil 80. Ka sayi sirinji mai mil 20 a kemis ka ajiye don wannan aikin kaɗai, ka haɗa a jarka ka girgiza kafin ka zuba a tanki. Masu zubawa da ido kullum wucewa suke. Man tuti aka ce, ba baƙin man mota ba, balle kwandem da aka juye daga wani injin, wannan toka yake bari a fulogi ya toshe salansa. Amma kar jin haka ya sa ka rage man ƙasa da ƙa'ida don fulogi ya yi fari, injin zai kama.

Fetur ɗin 'yan bumburutu in ba ka san mutumin ba ka yi hattara, wanda aka gauraya da kananzir ba ya ƙonewa duka, wanda ya kwana watanni a tanki shima haka. Kuma janareton da aka tada aka bari yana ta gurnani awa da awa ƙwai ɗaya kawai yake ɗauke da shi, ko mashin da ba ya zuwa ko'ina sai daga gida zuwa bakin layi, fulogin ba ya kai zafin da zai ƙone dattin kanshi, wanda ke farawa wajen digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Celsius. Ka riƙa ba shi aiki na gaske lokaci-lokaci.

In duk ka yi wannan baƙin maiƙo na dawowa, baƙin mai na raguwa, injin ba ƙarfi, igiya ta yi sauƙin ja, to ringi ne ko bawul. Kai shi wurin bakanike a buɗe, fulogi ko na nawa ne ba zai magance ba.

10. Sayen sabo

Ka tafi da tsohon a hannu, amma lambar da kamfanin injin ya faɗa ita ake bi, don wataƙila wanda ke ciki ma dama kuskure ne. Na GX da ire-irenshi NGK BPR6ES ne, CG yawanci D8EA, roba-roba C7HSA. Harafin farko kaurin tiredi ne: B milimita 14, D 12, C 10. E na nufin tsawon tiredi milimita 19, H kuma 12.7. R na nufin akwai resista a ciki, in injinka mai R ne ka nemi mai R, musamman janareto inbata.

Lambar tsakiya ta zafi ce. A NGK da Denso lamba na hawa fulogin na ƙara sanyi, a Bosch da Champion akasin haka ne, kar mai shago ya ce maka 7 ɗin nan da 7 ɗin can duk ɗaya ne. Mai sanyi da yawa baƙi zai riƙa yi, mai zafi da yawa fistin zai ci.

Gargaɗi: ka jera sabon da tsohon ka dubi tsawon tiredi. Dogo zai iya dukan fistin, gajere zai bar tiredin ciki ya cika da datti.

Maganar kuɗi, ɗan China na yau da kullum bai kai kuɗin litar fetur biyu ba, orijina na NGK ko Denso ya ninka shi, iridiyom ya ninka orijinan sau da yawa. Tunda aka cire tallafin mai a 2023, fetur ɗin da mataccen fulogi ke ɓarnatarwa na iya fin kuɗin sabo. Ni a ganina janareto da mashin ɗin aiki orijina na talaka ya ishe su, iridiyom ɓarnar kuɗi ne in injin na da ciwon da ke sa baƙi, shima baƙin zai yi. Jabu kuwa sun cika kasuwa cikin kwalin manyan kamfanoni: ka dubi rubutun jiki in ya yi dishi-dishi ko yana gogewa, washa in tana zamewa ta fita da sauƙi, tiredi in yana da kaushi, ƙugiya in ba ta daidaita kan tsinke ba. In farashin orijina ya zo daidai da na China, ka san me aka miƙo maka.

11. Yaushe ake canzawa

Littafin Honda na injinan GX cewa ya yi a duba fulogi duk awa 100, a canza duk awa 300 ko shekara. Yi lissafi da kanka: mai tada janareto awa biyar kullum, dubawa duk kwana 20 ke nan, canji duk wata biyu. Mashina yawanci tsakanin kilomita 8,000 zuwa 12,000, ɗan acaɓa mai yin kilomita 100 a rana kusan wata uku zuwa huɗu. Ka rubuta ranar da ka canza a jikin bango ko a waya. Masu noman rani su sa sabo a farkon kaka kafin a fara ban ruwa, tsohon in yana da kyau ya zama sifeya.

12. Na masu tambayar injin rotari

Wannan ba injin da muke gani kullum a gareji ba ne. Shine wanda ba fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku da ake kira rota ke juyawa a ciki, irin na motar Mazda RX-7 da RX-8. Masu haɗa ƙananan jirage da hannunsu a Amurka da Turai suna ɗaura injin Mazda 13B, akwai kuma jirage marasa matuƙi da jiragen shawagi irin ASH 26 E da ke amfani da ƙananan rotari. Matakan da na lissafa na karanta fulogi duk suna aiki, amma akwai bambanci da dole a sani.

Fulogin rotari ya fi na fistin shan wahala. Yana ba da wuta duk juyin shaf ɗaya, ninki biyu na injin mota na yau da kullum, kuma yana zaune a ɓangaren da kullum wuta ake, sabon mai da iska mai sanyi ba sa wucewa ta kanshi kafin a matse su. Ga shi injin da gangan yake ƙona ɗan mai don shafa wa sil ɗin kusurwoyin, ko ta famfo ko a haɗa man tuti a fetur. Shi ya sa ba ya daɗewa.

Kowane rota fulogi biyu ne. Na ƙasa mai alamar L shi ke fara wuta, na sama mai alamar T ya biyo. A RX-8 RE7C-L ne da RE9B-T, a RX-7 BUR7EQ da BUR9EQ, kaga na saman ya fi sanyi. Kafin ka cire ka sa wa kowace waya alama, ka ajiye fulogai huɗun a jere yadda suka fito, don bambancin kala tsakanin rota na gaba da na baya shi zai nuna maka wanda ke da matsala.

Gargaɗi: ba a musanya L da T, ba a musanya wayoyinsu, kuma ba a sa fulogin mota na gama-gari. In ya yi tsawo ya leƙo ciki sil ɗin kusurwa zai doke shi, injin ya tashi aiki. Irin waɗannan fulogan ba a lanƙwasa su don gyara gaf, in sun cinye canzawa ake.

Abin da ya fi kashe su a jirgi shine man jirgi 100LL, saboda akwai dalma a cikinshi. Dalmar na taruwa a tangaran, zaka ga ƙananan ƙwallaye masu toka-toka ko wani rufi mai ƙyalli rawaya-rawaya. Mugun halinta shine in da sanyi ba ta wuce da wuta, sai ta ɗau zafi. Injin zai tashi lafiya, gwajin ƙasa a ƙaramin gudu ya wuce lafiya, sai an buɗe mashi wuta duka wajen tashi ko hawa sannan ƙarfi ya faɗi. Wankin buroshi ba ya fidda irin wannan rufin, fulogin da ya nuna haka a canza duka saitin. Wanda ke shan man da ba dalma fuloginshi na daɗewa sosai fiye da mai shan 100LL, don haka a rubuta awannin kowane saiti da irin man da aka sha a littafin injin, a canza bisa awa tun kafin alama ta fito.

A ƙasa kuma kar a bar shi a silo da mai mai yawa na dogon lokaci, a rage haɗin yadda littafin injin ya ce. Kar a tada shi da sanyi a kashe nan take, rotari na saurin shan mai fulogai su jiƙe, a bari ya ɗau zafi tukuna. Kafin tashi a gwada L da T ɗaya bayan ɗaya, in an kashe ɗaya injin ya yi rawa fiye da yadda aka saba, jirgin ba ya tashi sai an cire an duba. Kuma duk jirgin da ke da rajista a Najeriya, injiniya mai lasisin hukumar NCAA ne ke yin wannan aikin ya sa hannu, mai son koyo kuma kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya na koyar da gyaran jirgi.